Manomin Inabi Da Makonnin Zullumi

'Yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in ba ku labarin wani irin noma da ba mu saba da shi ba, watau noman inabi a ƙasar Faransa. Ba dukan noman zan ɗauko ba, don wannan sai littafi guda. Zan tsaya ne a kan makonni uku ko huɗu na ƙarshe kafin girbi, lokacin da mai gona ya gama kusan dukan aikin hannu, amma kuma a lokacin ne barci ke ƙaurace wa idonsa.

Na san wani daga cikin iyayenmu zai ce, me ya haɗa yaron nan da maganar giya? Gaskiya ne, yawancin inabin Faransa giya ake yi da shi, mu kuwa Musulmi mun san hukuncinta, ba kuma tallarta na zo yi ba. Manomin da lissafinsa su ne suka ja hankalina. Yayana yana karatun ƙasar noma da yanayi a birnin Dijon, a lardin Burgundi da ke gabashin Faransa. A shekarar 2023 makarantarsu ta tura shi ya riƙa zagaya waɗansu gonaki kusa da garin Bon, wanda Faransawa ke rubutawa Beaune, yana duba ma'aunin ruwan sama da na zafi da aka kakkafa a ciki. A nan ya saba da wani dattijo mai gonar inabi. Da ya zo hutu na tsare shi da tambayoyi har sai da ya gaji da ni, sauran kuma na cike da abin da na karanta.

Da farko sai mu san abu guda, don shi ne tushen dukan wahalar. Kowa a cikinmu ya taɓa tsinko ɗanyen mangwaro ya ɓoye shi a tukunya ko cikin buhun dusa, bayan kwana uku ya tarar ya nuna. Haka ayaba, haka gwanda, haka tumatir. To, inabi bai san wannan ba. Da zarar almakashi ya raba shi da uwarsa, shi ke nan, zaƙinsa ba zai ƙaru ba ko kaɗan. In an yanke shi da tsami, da tsaminsa zai zauna har ya ruɓe. Saboda haka manomin inabi ba shi da halin cewa bari in kwashe in kai gida ya ƙarasa nuna a can. Tilas ya bar dukiyarsa a fili, ba rufi ba katanga, har ranar da ta kai. Sau ɗaya kuma ake girbi a shekara, wanda ya yi kuskuren rana sai ya jira baɗi.

A Burgundi kurangar inabi takan zubar da ganye ta kwanta da hunturu, ta farka ta yi toho wajen watan Afrilu, ta yi fure wajen farkon watan Yuni. Tsofaffin manoma suna da wani lissafi, wai daga fure zuwa girbi kwana 100 ne. Wajen ƙarshen Yuli ko cikin Agusta sai 'ya'yan su fara sāke launi. Baƙin inabi yakan tashi daga kore ya yi ja, sa'an nan ya yi duhu, farin kuwa ya yi laushi ya soma ɗaukar rawaya-rawaya. Daga nan saura wajen mako shida, daga nan kuma tsaro ke farawa.

Abubuwa uku mai gona ke bi a cikin ɗan inabin nan, su ne zaƙi da tsami da bauri. Zaƙi hawa yake yi kullum, don ganye na dafa sukari da hasken rana yana aika wa 'ya'ya. Tsami kuwa sauka yake yi. Tsamin nan iri biyu ne. Ɗaya irin wanda ke cikin tsamiyarmu ne, shi ba ya saurin gudu. Ɗayan irin na ɗanyar tufa ne, shi kuma zafi na cinye shi, musamman in dare bai yi sanyi ba. Na uku, bauri, yana cikin ɓawo da ƙwayoyin ciki. Wanda ya taɓa gatsar ɗanyar kanya ya san abin da nake nufi. Baurin nan a hankali yake laushi, ba ya kuma bin agogon zaƙi. Abin da manomin ke nema shi ne 'yan kwanakin da zaƙi ya isa, tsami bai gudu ba, bauri kuma ya kwanta. A shekara mai kyau ukun sukan haɗu. A wata shekarar kuwa ɗaya na isowa ɗaya ya riga ya wuce.

Na tambayi yayana, na ce, "Yaya, to ta yaya yake ganewa, tun da abin a cikin ɓawo yake?" Ya ce da ƙafa ake farawa. Dattijon nan yakan fita da sassafe, da 'yar jakar leda a hannu, ya bi kunya-kunya yana tsintar 'ya'ya ɗaiɗai har ya tara wajen 200 daga gona guda. Ba ya zaɓen masu kyau, don wanda ya yi haka kansa ya cuta. Yakan ɗauko daga gefen da rana ke bugawa da gefen inuwa, daga saman nono da ƙarƙashinsa (nonon inabi nake nufi, kamar yadda muke cewa nonon dabino), daga bakin gona da tsakiyarta. Sa'an nan ya matse su, ya ɗiga ruwan a kan wata 'yar na'ura mai kama da gajeren madubin hangen nesa, ya ɗaga ta wajen haske ya leƙa. Hikimar na'urar ita ce, haske yakan karkata in ya ratsa ruwa, ruwan da ya fi sukari kuwa ya fi karkatar da shi. Sai a ga wani layi ya tsaya a kan lamba. Inabin da ya isa girbi yakan ɗauki sukari giram 200 ko fiye a kowace lita ta ruwansa, watau kusan ninki biyu na lemon kwalba. Su masu sana'ar sun san cewa kowane giram 17 a lita shi ke komawa kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfin giya, shi ya sa lambar ta dame su. Tsami kuma a ɗakin gwaji ake auna shi.

Bauri fa? Wannan sai baki. Yayana ya ce dattijon yakan tauna ɓawon har ya yi laushi, ya tofar, ya fasa ƙwayar ciki da haƙori ya duba. In ƙwayar kore ce mai ɗaci, da saura. In ta yi ruwan ƙasa tana ƙaras-ƙaras a baki, an kusa. Wai yakan ce na'ura ba ta da harshe. Da fari sau ɗaya a mako yake wannan zagaye, daga baya duk bayan kwana biyu, a makon ƙarshe kuwa kullum.

Kada ku ɗauka gona ɗaya ce shimfiɗeɗɗiya. Gangaren tudun da ya tashi daga Dijon ya yi kudu ya wuce Bon an yanka shi ƙanana-ƙanana tun zamanin da, kowane yanki da sunansa. Guda 1,247 ne hukumar UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya a shekarar 2015. Rabon gado kuma ya ƙara daddatsa su, har mutum ɗaya yakan mallaki kunya goma a nan, kunya ashirin a wani ƙauye. Na saman tudu ƙasarsa tsakuwa ce, ruwa ba ya kwana. Na gindin tudu laka ce mai riƙe danshi. Ba su nuna rana ɗaya, saboda haka kowane yanki da shafinsa a littafin dattijon.

To, yanzu sai mu ɗaga kai sama, inda babban abin tsoron yake. Mu nan in muna duban hadari gabas muke kallo. Su can yawancin ruwansu daga yamma yake zuwa, daga wajen teku. Gonakin kuwa gabas suke fuskanta, tudu na bayansu, don haka sau da yawa hadari yakan ɓuya a bayan tudun sai ya iso kansu. Yau akwai hasashen yanayi a wayar hannu, da hoton da ke nuna inda gajimare yake da inda ya dosa. Yayana ya ce dattijon yakan duba hasashe uku dabam-dabam kafin ya karya kumallo, in sun saɓa wa juna ya fita waje ya tsaya yana shaƙar iska. Hasashen gobe da jibi abin dogara ne. Na kwana goma kuwa rabinsa zato ne, alhali shawarar da zai yanke ta kwana goma ce.

Abin mamaki gare mu, ruwan sama, wanda muke roƙo da addu'a, shi ne abokin gābarsa a wannan lokaci. Yayyafi kaɗan bayan fari ba laifi, yakan ma farfaɗo da kuranga. Amma in aka yi ruwa mai yawa, saiwa takan zuƙe shi ta tura wa 'ya'ya, su kumbura, zaƙinsu ya salamce kamar an ƙara wa kunu ruwa. In abin ya yi yawa ɓawo ya tsage. Ta wannan tsaga, ko ta inda tsuntsu ko rina suka huda, wata fumfuna mai ruwan toka ke shiga. Baƙin inabin Burgundi, wanda ake kira Pinot noir, ɓawonsa siriri ne, 'ya'yansa kuma a cunkushe suke, don haka in ɗaya ya kamu a tsakiyar nono sai ya shafa wa na kusa. In akwai ɗumi da danshi, cikin 'yan kwanaki gona ta fara wari. Ba kuwa za a ce a yi feshi ba, don doka ta hana fesa magani in girbi ya matso, kowane magani da adadin kwanakin da za a bari. Abin da ya rage wa manomi shi ne ya rage ganyen da ke kewaye da 'ya'ya don iska ta ratsa ta busar da raɓa. Ko wannan ma da wayo ake yi. Gefen da rana ke fitowa ake tsigewa, a bar na yamma, don in aka tuɓe su duka rana ta ƙone su.

Bari in ɗan ratse, don akwai wani abu da ya ba ni dariya da na ji shi. Fumfunar nan da ke hana mutanen Burgundi barci, a wani wuri jiranta ake yi. A yankin Sauternes, kudu da birnin Bodo, wani ƙaramin kogi mai sanyi da ake kira Ciron yana shiga babban kogin Garonne, sai hazo ya rufe gonaki da safe, rana ta kore shi da hantsi. A wannan hali fumfunar ba ta ruɓar da inabi, sai dai ta huhhuda ɓawo ruwa ya tsane, sukari ya taru. Masu tsinka sukan zagaya gona sau da yawa suna ɗaukar waɗanda suka yamutse kaɗai. In kuwa aka samu ruwa maimakon rana, komai ya lalace. Gidan da ya fi suna a wurin, Château d'Yquem, bai fitar da wannan giya tasa mai zaƙi ba sam a shekarar 2012, don masu shi sun ga amfanin shekarar bai kai ba.

Ruwa aƙalla yana ba mutum kwana biyu ya yi dabara. Ƙanƙara ba ta ba da ko awa ɗaya. Minti goma ya ishe ta ta yayyaga ganye ta farfasa 'ya'ya, ta kan kuma bi siririyar hanya, ta kashe gonar wannan ta bar ta maƙwabcinsa. Ƙauyukan Pommard da Volnay, dab da Bon, sun sha ta shekara uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A Chablis, arewacin Burgundi, ta sauko da daren 31 ga Agusta wayewar 1 ga Satumba 2015, saura 'yan kwanaki a fara girbi, ta kuma faɗa wa waɗansu daga cikin gonaki mafi daraja. Masu su ba su tsaya kuka ba, suka shiga yankan abin da ya tsira nan da nan, don fasasshen inabi mai zaƙi ba ya jimawa bai ruɓe ba. Suna da 'yan dabaru. Akwai waɗansu murahu da aka rarraba a ƙauyuka, in an yi gargaɗin hadari a kunna su su tura hayaƙin wani sinadari mai azurfa sama, da fatan ƙanƙarar ta zo ƙanana. Masana ba su haɗu a kan ko abin na aiki sosai ba. Tun shekarar 2018 kuma an yarda a rufe kuranga da raga, sai dai tsada ta hana da yawa.

Ga ruwa, ga ƙanƙara, sai kuma zafi, wanda a da su ke nema, yanzu ya zama abin gudu. In zafi ya haura digiri 35 ya daɗe, kuranga takan rufe ƙofofin numfashin ganyenta don kada ta bushe, dafa sukari ya tsaya. Amma lambar na'ura ba ta daina hawa ba, don 'ya'yan na tsanewa suna yamutsewa. Wanda ya dogara da lamba kaɗai sai ya zaci inabi ya nuna, alhali ƙwayar ciki kore ce shar, tsami kuma ya tsere. Ran 28 ga Yuni 2019 an auna digiri 46 a wani ƙauye na kudancin Faransa, ganye da 'ya'ya suka ƙone a gonaki da yawa kamar an bi su da wuta.

A nan ne na ga amfanin ajiye tarihi. Garin Bon yana da ranakun fara girbi tun daga shekarar 1354. Dalili kuwa, a zamanin da ba mai yankan inabi sai hukuma ta yi shela, malaman majalisar gari da na coci kuma suna rubuta ranar da kuɗin da aka biya 'yan ƙodago. Masana tarihi da na yanayi suka tattara waɗannan takardu suka buga sakamakon a 2019. Daga 1354 zuwa 1987, in aka daidaita, ran 28 ga Satumba ake fara girbi. Daga 1988 zuwa 2018 kuwa ranar ta dawo 15 ga Satumba, watau ta matso da kwana 13. A 2003 da 2020 cikin watan Agusta aka yi girbi. Kwana 13 ba wani abu ba ne a kunne, amma ma'anarsa ita ce inabi yanzu yana ƙarasa nuna ne cikin zafin bazararsu, maimakon sanyin kaka mai tafiya a hankali. Kwanakin da zaƙi da tsami da bauri ke haɗuwa sun ragu, lissafin kwana 100 na kakanni kuma ba kullum yake cika ba.

A ce ma manomi ya gano ranar, saura hannuwa. A manyan gonakin Burgundi da hannu ake yanka, a lardin Shamfen ma doka ce ta hana sa inji, har yanzu kuma a can kowane ƙauye ana sanar masa ranar da zai fara. Masu tsinka ɗalibai ne da 'yan ci-rani da dangi, tun da makonni ake yi musu alkawari, a tanadi abinci da makwanci. Ba za ka ce wa mutum talatin su zo yau, gobe ka ce a'a sai mako mai zuwa ba. Aikin kuma yakan ci mako guda ko kwana goma. Ashe ke nan ko da ya san ranar da ta dace da kowane yanki, waɗansu za a yanka su da ɗan saura, waɗansu sun ɗan wuce. Shi ne zai zaɓi wanda zai ci riba da wanda zai yi haƙuri.

Abin da yayana ya gani da idonsa ke nan a 2023. Shekarar inabi ya yi 'ya'ya da yawa, farkon Agusta kuma ba zafi sosai, nuna na tafiya a hankali, dattijon ya sa wa mutanensa rana yana ganin da sauran lokaci. Sai zafi ya sauko a ƙarshen Agusta, ya ɗan lafa, ya komo da ƙarfi a farkon Satumba. Watan Satumban nan shi ne mafi zafi da aka taɓa aunawa a Faransa zuwa lokacin, har a Shamfen waɗansu masu tsinka suka rasa rayukansu a bakin aiki. Dattijon ya ga lambar zaƙi na tsalle tsakanin awo da awo, tsamin farin inabinsa kuma na zubewa. Baƙin kuwa da ya tauna, ƙwayarsa ba ta gama yin duhu ba.

Ya kwana biyu yana juya abin, sa'an nan ya ɗauki waya ya matso da ranar. Wajen rabin mutanen ne suka iya zuwa, sauran suna wurin wani aiki. Da waɗannan ya fara, farin inabi tukuna, tun duhun asuba da fitila a goshi, a tashi kafin azahar don kada mutane su faɗi, kada kuma inabi ya shiga gida da zafi. Baƙin ya bar shi ya ƙara kwana. Yanki ɗaya da ke shan ranar yamma ya biya kuɗin wannan jira. Da aka zo kansa 'ya'ya da yawa sun yamutse sun zama kamar busasshen inabin da ake sayarwa a kanti, sai da aka baza su a tebur aka tsince da hannu aka zubar da na zubarwa.

Na ce, "Yaya, to ya yi daidai ko ya yi kuskure?" Ya yi dariya ya ce shi ma tambayar da ya yi wa dattijon ke nan ran da aka yanke nono na ƙarshe. Dattijon bai amsa ba sai da ya buɗe littafinsa ya rubuta ranar, ƙarƙashin ta bara da ta bara waccan. A shafukan farko akwai rubutun mahaifinsa, yawancin ranakun ƙarshen Satumba ne, har da na Oktoba. Da ya rufe littafin sai ya nuna wa yayana gangunan katako da ke jere a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya ce ya dawo bayan wata goma sha takwas ya sāke tambaya.